Wa Ya Zana Wannan?

Ran nan cikin hunturu na fito daga aji bayan mun gama darasinmu na Hausa, sai ruwa ya tare ni, na ratsa ta ginin masu lissafi don in fake. A bangon barandarsu na ga an rataye wani babban hoto. Gefe guda baƙi ƙirin, sauran kuwa sai ka ce gobara, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi sun murɗe juna. Ga waɗansu 'yan ƙawanyoyi sun jeru kamar wutsiyar hawainiya, kowace da 'ya'yanta, 'ya'yan kuma da nasu 'ya'yan. Na daɗe tsaye ina kallo. Sa'an nan na ɗauke shi da wayata na aika wa kawuna can gida, domin shi sana'arsa ɗinkin hula ce, ya fi shekara 40 yana yi, ba ya kuwa ganin sabon zane ya ƙyale.

Kashegari sai ga muryarsa a waya. Ya ce, "Kai ɗan nan, wane gwani ne ya zana wannan? Wata nawa ya yi a kansa? In kun gamu ka gaishe shi, ka ce masa na jinjina masa."

Na koma ginin na tambayi wata malama da ofishinta ke kusa da hoton. Ta yi dariya, ta ce ai ba wanda ya zana shi, samo shi aka yi cikin lissafi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni horon malanta na samu, kafin in zo ƙasar nan kuwa na yi shekaru ina koyar da lissafi a firamare, amma ban taɓa buɗe lissafi na ga hoto a ciki ba. Ga kuma Kawu yana jiran amsa, ba kuwa zan ce wa dattijo "ba kowa" in yi shiru ba. Saboda haka na yi sauran hunturun ina bin maganar, ga abin da na samo.

Irin waɗannan siffofi ana kiransu firaktal. Wani masanin lissafi, Benoit Mandelbrot, shi ya ƙago sunan a 1975 daga wata kalmar Latin mai ma'anar abin da ya kakkarye. Da ni aka tambaya da Hausa, da na ce "zane mai jikoki," domin abin da ya bambanta shi da sauran siffofi ke nan. In ka matso kusa da gefen da'ira, sai ka ga ya miƙe kamar sanda, ba wani abin kallo. Firaktal kuwa ko yaya ka matso ba ya miƙewa, sai ƙananan siffofi su yi ta fitowa daga cikin manya, suna kuwa kama da su. Dubi reshen tsamiya. In ka sare shi ka kafa a ƙasa sai ka ce ƙaramar tsamiya, in ka ƙarya wani daga jikinsa, shi ma haka. Walƙiya ma haka ta ke, da jijiyoyin ganye, da rafuffukan da ke zuba cikin kogi. Sai dai na tsamiya yana ƙarewa bayan hawa biyar ko shida, na lissafi kuwa ba ya ƙarewa.

Ga wani mai sauƙi wanda za ku iya yi yanzu da fensir, wanda wani mutumin Suwidin, Helge von Koch, ya fitar a 1904. Ka zana siffa mai kusurwa uku, gefunanta duk tsawo ɗaya. Ka raba kowane gefe uku, ka share kashin tsakiya, ka ɗora ƙaramin tsini a madadinsa. Gefe 3 sun zama 12. Ka sake yi wa kowane haka, sun zama 48, sa'an nan 192. Kafin ka gaji za ka ga abin ya koma kamar ƙwayar dusar ƙanƙaran nan da ke sauka bisa hannun rigarku. Kowane zagaye tsawon gefen yana ƙaruwa da sulusi, saboda haka in ba a daina ba tsawonsa ba shi da iyaka, alhali kuwa siffar duka ba ta fita daga takardarka ba.

Amma wannan ba shi da ban mamaki ƙwarai. Wanda ya ji dokar ya riga ya san kamannin abin da zai fito, kamar yadda mai ɗinki ya san hularsa tun tana farin ƙyalle. Hoton bangon nan dabam ne. Dokarsa ta fi ta Koch gajarta, amma ba mahalukin da zai ji ta ya ce ga abin da za ta haifa.

Ga dokar. Ka zaɓi lamba ɗaya, kowace ka ga dama, mu kira ta guzuri, domin da ita za ka yi tafiyar duka. Ka fara da sifiri. Ka ninka abin da ke hannunka da kansa, ka ƙara guzuri. Abin da ya fito ka sake ninka shi da kansa, ka ƙara guzuri. Haka za ka yi ta yi. Masu lissafi su kan rubuta ta z² + c. Shi ke nan, ba wani abu a ɓoye.

Mu gwada da guzuri 1. Sifiri sau sifiri, a ƙara 1, ya ba da 1. Sai 1 sau 1, a ƙara 1, ya ba da 2. Daga nan sai 5, sai 26, sai 677, sai 458,330. Wannan ya tsere, ba mai kamo shi. Yanzu mu gwada da −1, watau bashin ɗaya. Farko mu samu −1. Bashi sau bashi riba ne, saboda haka −1 sau −1 ya ba da 1, a haɗa da guzuri mu koma sifiri. (Yarana na firamare ba su taɓa yarda da wannan doka da daɗin rai ba. Akwai wanda ya ce mini, "To Malam, in haka ne sai mutum ya ci bashi biyu ya huta.") Daga sifiri kuma sai −1, sai sifiri, sai −1, har abada. Wannan yana kai da kawowa ne a tsakar gida, bai fita ba.

Ashe guzuri iri biyu ne, mai tserewa da mai zama. An kuwa tabbatar cewa da zarar abin hannunka ya yi nisa da sifiri fiye da 2, ya tafi ke nan, ba zai komo ba. Inda abin ya ke da daɗi shi ne kan iyaka. Guzuri 0.25 yana ba da 0.25, 0.31, 0.35, 0.37, yana ta rarrafe wajen rabi, amma ba zai taɓa ƙetare shi ba. Guzuri 0.26 kuwa, wanda bambancinsu bai taka kara ya karya ba, ya kan yi ta jan ƙafa kusa da rabi kamar baƙon da ke sallama ya kasa tashi, sai ya yi wajen zagaye 30, sa'an nan ya zabura ya wuce. Ku riƙe maganar jan ƙafan nan, domin daga gare ta launuka za su fito.

In lambobin da muka saba da su kaɗai za a gwada, masu zama duk suna tsakanin −2 da 0.25, watau ɗan layi guda, ba hoto. Hoto ya na bukatar fili. Saboda haka a ke amfani da waɗansu lambobi masu ƙafa biyu. Ku ɗauki takarda tamkar gona, da turke a tsakiya. Kowane ɗigo a gonar ana iya faɗin inda ya ke da lamba biyu: taku nawa gabas da turken, taku nawa arewa da shi. Yamma bashin gabas ce, kudu bashin arewa. Waɗannan lambobi suna da tasu hanyar ninkawa da kai. Sabuwar ƙafar gabas ita ce gabas sau gabas, a ɗebe arewa sau arewa. Sabuwar ƙafar arewa ita ce gabas sau arewa sau 2. Sa'an nan a ƙara guzuri, gabas ga gabas, arewa ga arewa. Ku gwada da ɗigon da ke taku ɗaya arewa da turke, watau (0, 1). Za ku samu (−1, 1), sai (0, −1), sai (−1, 1) kuma. Mai zama ne.

To, yanzu sai a bi gonar nan ɗigo ɗigo, a mai da kowane ɗigo guzuri, a yi masa tambaya guda: kai mai zama ne ko mai tserewa? Mai zama a shafa masa baƙi, mai tserewa a bar shi fari. Mai hankali zai zaci da'ira za ta fito, ko wani abu mai kama da ƙwai. Ina! Abin da ke fitowa wata halitta ce mai kama da buzuzu. Jikinta kamar ƙodar rago, da lotsawa ta wajen gabas. Ta yamma ga kai kewayayye, bisa kan ga wani ƙaramin kai, har abin ya ƙare da tsinke mai kaiwa −2. Jikin duka kewaye ya ke da ƙuraje manya da ƙanana, kowane ƙurji da nasa ƙurajen, daga kowane kuma waɗansu zarurruka sun fita suna rassa kamar walƙiya.

Me ya sa ba a gan ta ba tun da? Aikin ne ya fi ƙarfin hannu. Hoto mai ɗigo 1,000 a tsaye da 1,000 a kwance yana da ɗigo miliyan ɗaya. In za a bi kowane har zagaye 1,000, lissafin zai iya kai miliyan dubu. Mutumin da ke yin ɗaya kowane minti, ba barci ba cin tuwo, sai ya fi shekara 1,900 bai gama ba. Wayar da ke aljihunku kuwa kafin ku kurɓi shayi ta gama.

Duk da haka akwai waɗanda suka san akwai wani abu a wurin tun ba su da idon ganinsa. Gaston Julia Bafaranshe ne da aka haifa a Aljeriya a 1893. A Yaƙin Duniya na Farko, cikin 1915, harsashi ya same shi a fuska ya rasa hancinsa, har ya mutu yana ɗaure da fata a wurin. A 1918 ya buga wani dogon nazari, shafi 199, bisa abin da ke faruwa in an yi ta maimaita lissafi irin wannan. Wani ɗan ƙasarsu, Pierre Fatou, shi ma yana kan wannan aiki a lokacin. Sun gane da hujja cewa iyakar da ke tsakanin masu zama da masu tserewa abu ce mai wuyar sha'ani, amma ba su da na'urar da za ta nuna musu fuskarta. Sai maganar ta kwanta shekaru da yawa.

Shi Mandelbrot an haife shi a Warso ta ƙasar Folan a 1924, iyayensa suka ƙaura Faransa a 1936. Ya yi karatu a Faris, Julia na cikin malamansa. Yana da baffa, Szolem Mandelbrojt, babban malamin lissafi. (Ku lura, ɗalibai: ɗan'uwan uba shi ne baffa, ɗan'uwan uwa shi ne kawu. Nasa baffa ne, nawa kawu.) Baffan ya nuna masa aikin Julia ya ce ya karanta, yaron ya duba bai ji daɗinsa ba, ya ajiye. Sai bayan shekara fiye da 30 ya komo kansa, sa'an nan yana aiki a kamfanin IBM a Amurka, inda ya shiga a 1958, ga manyan kwamfutoci a hannunsa. A 1980 ya fitar da hotunan buzuzun nan. Gaskiya dai waɗansu biyu, Robert Brooks da Peter Matelski, sun riga shi a 1978, sun buga siffar da 'yan taurarin keken rubutu, amma shi ne ya tsaya a kanta ya nuna wa duniya, sunansa kuma aka sa mata. A watan Agusta na 1985 mujallar Scientific American ta sa hoton a bangonta, ta kuma bayyana wa masu karatu yadda za su yi a gida. Daga nan abin ya fita hannun masana ya shiga hannun kowa.

Yanzu mu zo ga maganar malamar nan, cewa samowa aka yi. Da farko na ɗauka salon magana ne kawai. Abu uku suka sa na yarda.

Na ɗaya, abin ya ƙaryata mai shi. A hotunan farko Mandelbrot ya ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe warwatse nesa da jikin, kamar ƙura ta zuba bisa takarda. Da ya sa na'ura ta matso kusa da su, sai ya ga ashe kowane ɗigo ƙaramin buzuzu ne cikakke, da jikinsa da kansa da ƙurajensa. Ya zaci tsibirai ne, ba abin da ya haɗa su da uwar. A 1982 Adrien Douady da John Hubbard suka tabbatar da hujja cewa ba haka ba ne: duk a haɗe su ke, da zarurruka masu sirantakar da na'urar ta kasa nunawa. To, wanda ya zana abu da hannunsa ba ya kuskuren sanin ko sassansa a haɗe su ke. Ba a taɓa zuwa an gaya wa Kawu cewa akwai wani zare a hularsa da bai san da shi ba.

Na biyu ya fi ba ni mamaki. A 1991 wani ɗalibi a Amurka, Dave Boll, yana so ya ga ko wuyan buzuzun, inda kai ya haɗu da jiki a −0.75, ɗigo ɗaya tak ne. Sai ya riƙa ɗaukar guzuri daga arewa da wuyan, yana matsowa, yana ƙidaya zagaye nawa kowane ke yi kafin ya tsere. Da nisan ya ke 1, zagaye 3. Da ya ke 0.1, zagaye 33. A 0.01, sai 315. A 0.001, sai 3,143. A 0.0001, sai 31,417. Ku dubi lambobin nan da kyau. Wannan ai 3.1416 ce ke fitowa sannu sannu, adadin nan da a ke samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, wanda mu ke koya wa yara da 22 bisa 7. Ba wanda ya sa ta a wurin, ba kuwa wanda ya je nemanta. 

Na uku kuwa ni na gwada da kaina. Kowane wuri a jikin siffar nan yana da adireshi: gabas kaza, arewa kaza, a matso sau kaza. Akwai wuraren da masu yawo a ciki suka sa wa suna, kamar yadda matafiya ke yi wa tuddai. Lotsawar gabas ana ce da ita Kwarin Giwaye, domin siffofin wurin sun jeru da hannuwa a naɗe. Tsagin da ke tsakanin kai da jiki, wajen gabas −0.75, arewa 0.1, an sa masa sunan wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki, can ne kuwa aka ɗauko hoton bangon. Na sa wata manhaja ta kyauta mai suna XaoS a kwamfutata, na shiga tsagin nan, na yi ta nutsawa har na kai wani wuri da ya yi mini kyau. Na rubuta adireshin a 'yar takarda na kai wa malamar, ban nuna mata hotona ba. Ta buga lambobin a tata na'urar, da wata manhaja dabam. Abin da ya fito shi ne nawa, ƙawanya bisa ƙawanya, ba wadda ta ɓace. Masanin nan na Ingila, Roger Penrose, ya kwatanta siffar da dutsen Everest a wani littafinsa na 1989, yana nufin tana nan ko an hau ko ba a hau ba. Ranar nan na gane abin da ya ke nufi.

Amma fa hoton malamar ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, nan ne kuma maganar "samowa aka yi" ta fara gazawa. In samowa ce kaɗai, me ya sa wuri ɗaya ya ba mu hoto biyu?

Dalili shi ne lissafi ba shi da launi. Abin da ya ke ba ka lamba ce kawai: wannan ɗigo ya tsere a zagaye na 12, wancan a na 340, wancan bai tsere ba. Mutum ne ke cewa masu saurin gudu a ba su shuɗi, masu jan ƙafa a ba su ja, ko a juya. Ni na zuba launuka bakwai masu ƙarfi gaba ɗaya, hotona ya fito kamar rumfar mai sayar da robobi a kasuwa. Ita kuwa launi biyu ta ɗauka, ruwan ƙasa da fari, ta sa suka narke cikin juna a hankali, sai ga waɗansu siraran rassa sun bayyana waɗanda nawa launukan suka binne. Suna nan a nawa hoton ma, amma ba mai ganinsu. Haka kuma mutum ne ke yanke zagaye nawa za a jira kafin a ce ɗigo mai zama ne. In ka yi gaggawa ka tsaya a 100, sai ka shafa wa masu jan ƙafa baƙi bisa zalunci, wuraren da ke cike da ado su toshe. Mutum ne ke zaɓen inda hoto zai fara da inda zai ƙare, da abin da zai zauna a tsakiya, da gefen da zai kalli sama.

Kafin wannan duka ma akwai wahalar nema. Kada ku zaci ko ina ka nutsa sai kyau. In ka faɗa cikin jikin, baƙi ne kawai. In ka fita waje, fili ne fetal. Abin kallo duk yana bisa iyaka, can ma yawancinsa hargitsi ne kamar saƙar da akuya ta shiga. Na yi dare uku ina yawo kafin in sami wurin da na kai wa malamar. Waɗanda suka gwanance sun san ƙasar kamar yadda maharbi ya san daji. Sun san in ka bi ta kusa da ƙaramin buzuzu ka wuce, siffofin da ka baro za su sake fitowa a gaba ninki biyu, sa'an nan huɗu, sa'an nan takwas, saboda haka su kan zaɓi hanyarsu da gangan don su gina siffar da su ke so tun ba su kai gare ta ba. Wannan kam ya wuce tsintuwa.

Faɗin dajin kuwa ba a magana. A ce siffar duka ta cika allon kwamfuta mai faɗin santimita 20. In ka matso sau miliyan miliyan, siffar da ka ke cikinta ta kai faɗin kilomita miliyan 200, ta fi nisan da ke tsakaninmu da rana, kai kuwa tafin hannu ɗaya ka ke kallo a cikinta. Saboda haka wanda ya nutsa da nisa, mai yiwuwa ne ƙwarai abin da ke gabansa ba idon da ya taɓa ganinsa. Can wajen zurfin nan ne kwamfuta ta kan fara gajiya, domin lambobin da ta saba aiki da su ba su wuce gurbi 15 ko 16 ba. Sai ka ga hoton ya farfashe ya koma tubala tubala. Ba siffar ce ta ƙare ba, awon na'urar ne ya ƙare, sai a koma ga manhajojin da aka yi musamman don dogayen lambobi.

Waɗansu kuma ba su tsaya ga dokar Mandelbrot ba, su kan taɓa ta kaɗan su ga abin da zai faru. A 1992 Michael Michelitsch da Otto Rössler suka ce, kafin a ninka, a yafe bashin da ke ƙafafun biyu, watau a mai da kowane −3 ya zama 3. Buzuzu ya ɓace, sai ga wani abu kamar jirgin ruwa yana cin wuta, da dogayen hasumiyoyi a jere. Dokar tasu ce, su suka ƙaga. Jirgin kuwa ba su suka ƙaga ba, sun buɗe ƙofa ne suka tarar da shi.

Kada a gama wannan da hotunan da na'urori ke yi yanzu, inda mutum zai rubuta "doki a bakin kogi" hoto ya fito. Waɗancan an ciyar da su da hotunan mutane masu ɗimbin yawa, daga ciki su ke koyo. Firaktal ba a ba shi hoton kowa ba. Ninkawa ce da tarawa kawai.

To, wa ya zana? Ni dai ga inda na tsaya. Hausawa su kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mai haƙar rijiya bai halicci ruwa ba, in ya ce shi ya yi ruwan ƙarya ya ke. Amma wanda ya ce bai yi kome ba, tun da ruwan yana nan tun da, sai a miƙa masa diga. Siffar ba ta kowa ba ce, ba kuwa mai iya ƙara mata ko ƙurji ɗaya. Hoton da ke bango kuwa na wanda ya yi yawon ne, ya tsaya a nan bai tsaya a can ba, ya ba shi launi. Saboda haka ba na jin daɗin masu sa hannu a ƙasan hoton su yi shiru da adireshin, kamar daga kansu siffar ta fito. Ban kuma yarda da masu cewa aikin na'ura ne kawai ba, domin na ga abin da na'ura ta ba ni, na ga abin da ta ba malamar.

Haka na yi wa Kawu bayani, da guzurin da buzuzun da rijiyar duka, na haɗa masa da hoton siffar cikakkiya. Ya saurara har na gama. Ya ce, "To, na ji. Watau gaisuwata ba ta da mai karɓa."

Na ce, "Tana da shi, Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Akwai wanda ya zaɓi wurin, ya sa launi."

Ya ce, "Wannan ai ɗan'uwana ne, shi ma zare ya ke zaɓa. Bari in gwada nawa."

Bayan wata biyu wani mai zuwa ƙasar nan ya kawo mini ƙunshi. Hula ce. Ya sa buzuzun a kan hular, baƙi, kansa na duban goshi. Ya ɗinka manyan ƙuraje, ya ɗinka na bisansu, ya ɗinka na bisan waɗannan. A hawa na huɗu, in ji shi, zaren ya fi abin da a ke so a ɗinka kauri, ya warware sau biyu, sa'an nan ya haƙura ya bi gefen da 'yan ƙulle-ƙulle. Inda hoton ke da ja shi kore ya sa, wai ja ba ya karɓar fuskata. Ya kuma ce in tambayi malamar ko akwai wani wuri a jikin abin mai tsawo, wanda zai yi kyau a kewaya gefen hula da shi, domin wani mai saye ya gani ya ce a yi masa. Na kai mata saƙon, ta ce in ba ta mako guda.

Ran Alhamis zan sa hular in zo aji. Wanda ya ke so ya ƙidaya ƙurajen ya zo da tabaransa, amma da Hausa za a yi ƙidayar.